Zaɓen fidda gwani: inda ake naɗa gwamna kafin ranar zaɓe

Wani dattijo da muke haɗuwa a teburin mai shayi a bakin titin Bauchi, nan Jos, ya taɓa ce mini: "Malam, ni fa ban gane ba. Me ya sa 'yan siyasa suka fi tada jijiyar wuya a kan fidda gwani fiye da babban zaɓe?" Na ce, "Baba, ai a wasu jihohin shi ne babban zaɓen."

Zaɓen fidda gwani shi ne wanda jam'iyya ke yi a cikin gida don tsayar da mutum ɗaya da zai riƙe mata tuta. A lokacinta, Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda da hanya uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya ke fitowa, wani lokaci a yi layi ƙato bayan ƙato, zaɓen deliget, wato wakilai, sai sasanci, wanda sai sauran masu nema sun rubuta da hannunsu cewa sun janye. Akwai ta huɗu da doka ba ta san da ita ba amma kowa ya san ta, ita ce ɗauki-ɗora.

Fidda gwani yana ƙara nauyi a jihar da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida. Borno da Yobe ba su taɓa yin gwamnan PDP ba tun 1999. Suna ne kawai ke sauyawa, daga APP zuwa ANPP zuwa APC. A irin wannan wuri, wanda ya samu tikiti ya gama, ranar zaɓe kamar walima ce. Ke nan ba miliyoyin masu ƙuri'a ke zaɓar gwamna ba, wakilai ne da za su iya cika zaure ɗaya. Shi ya sa deliget ke zama ango. Ina da maƙwabci da ya taɓa zama ɗaya: mako guda wayarsa ba ta huta ba, motoci na tsayawa a ƙofar gidansa har tsakar dare. Washegarin zaɓen, ko mai sallama bai samu ba.

Mu ma a Filato mun ɗanɗana. Daga 1999 zuwa 2015 PDP ce ke cin kujerar, Joshua Dariye sannan Jonah Jang. Da aka zo fidda gwani na 2014, Sanata Gyang Pwajok ya samu tikiti da goyon bayan Jang, alhali su biyun daga shiyyar arewa suke, sauran shiyyoyi kuma na ganin lokacinsu ya yi. Jama'a suka juya baya, Simon Lalong na APC, ɗan Shendam, ya ci a 2015. A ganina ba guguwar Buhari kaɗai ta kada PDP a nan ba, tun a zauren wakilai ta fara faɗuwa.

Kotu ma ta nan take shigowa. A Ribas, Rotimi Amaechi ya ci fidda gwani, PDP ta musanya shi da Celestine Omehia, amma a Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ba Amaechi kujerar duk da ba shi ya tsaya ranar zaɓe ba. A Zamfara kuwa, APC ta lashe komai a 2019, kotu ta ce ba ta yi sahihin fidda gwani ba, ƙuri'unta suka tashi a banza, Bello Matawalle na PDP ya hau. Saura ƙiris Caleb Mutfwang, da ya ci gwamnan Filato a PDP a 2023, ya sha irin wannan: Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsige shi a Nuwamban 2023 kan batun shugabancin jam'iyyarsa a jiha, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da shi.

Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "To ni yaya ake zama deliget ɗin?"