Kyamarar mutuwa a gem ɗin harbi na taron 'yan wasa

Kyamarar mutuwa ita ce abin da sikirin yake nuna wa ɗan wasa tun daga sanda jininsa, wato ma'aunin ransa a gem, ya ƙare har zuwa lokacin da zai sake tashi ko a cire shi daga zagayen gaba ɗaya. Ta haɗa da yadda kyamara take faɗuwa ko juyawa, da canjin kala, da sautin da yake dushewa, da kuma maimaicin da ake nuna maka na yadda aka kashe ka, wanda 'yan gem suka fi sani da kilkam. Sakan kaɗan ne kawai amma masu haɗa gem suna ba shi muhimmanci sosai, don wanda aka kashe bai san ta ina harsashi ya fito ba shi ne yake saurin cewa magudi aka yi masa ya kashe wayar ko kwamfutar ya tafi abinsa.

Asali

A Doom na kamfanin id Software da ya fito a 1993, in an kashe ka sikirin yana yin ja, kallonka ya sauko ƙasa kamar ka zube, sannan a hankali ya juya ya fuskanci wanda ya yi kisan. Wannan 'yar juyawar ita ce tushen komai, tunda tun a lokacin an gane cewa tambayar farko ta wanda ya mutu ita ce waye ya kashe ni kuma a ina yake. Quake na 1996 ya ƙara da karkatar da kyamara gefe guda kamar kai ne kwance a ƙasa, shi kuma GoldenEye 007 na 1997 a kan Nintendo 64 jini ne yake gangarowa daga saman sikirin har ya rufe shi. Halo ya ɗauki wata hanyar, da zarar ka mutu kyamara ta fice daga idonka ta koma baya kana kallon gawarka.

Gawar ma tana da nata tarihin. Da can faɗuwar a zane take, iri biyu ko uku ne ake ta maimaitawa, sai daga baya aka kawo ragdol, wato jikin ya saki ya faɗi gwargwadon ƙarfin abin da ya buge shi da wurin da yake tsaye. Unreal Tournament 2003 da Half-Life 2 na 2004 suna cikin waɗanda suka yaɗa shi, shi ya sa zaka ga gurneti ya cilla mutum sama ya dawo ya rataye a jikin bene hannu na lilo, wani lokacin abin dariya ma yake komawa.

Kilkam da firizkam

Call of Duty na farko, 2003, shi ya shahara da maimaici ta idon wanda ya kashe ka: a mayar da kai baya 'yan sakanni ka ga yadda ya hango ka, ya saita, ya harba. A Modern Warfare 2 na 2009 sai aka ƙara da nuna kisan ƙarshe na wasa ga kowa da kowa, kuma daga nan ne aka samu masu tsalle daga saman gini suna jujjuyawa kafin su harba bindigar sinaifa don kawai a gan su a wannan hoton. Overwatch na 2016 ya faɗaɗa abin, a ƙarshen wasa yana zaɓo bajintar da ta fi kowacce ya nuna.

Team Fortress 2 na Valve, 2007, bai yi maimaici ba, kyamara ce take zuƙowa da gudu kan wanda ya kashe ka sai hoton ya daskare, a nuna sunansa da sauran jinin da ya rage masa, wannan shi ake kira firizkam. In ka ga saura kiris ya mutu haushin ya fi yawa, kuma tunda mutane sun san za a daskarar da su sai suke yin rawar tsokana daidai lokacin, gem ɗin ma da gangan ya bar ƙofar hakan.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kilkam ba bidiyon sikirin ɗin abokin gaba ba ne. Gem ɗin ne yake sake gina abin da ya faru daga bayanan da ya ajiye na inda kowa yake da inda yake kallo, to tunda saƙo yana ɗaukar lokaci tsakanin na'urarka da saba, wato kwamfutar da take haɗa 'yan wasan, kuma saba tana komawa baya kaɗan ta duba inda kake a lokacin da shi mai harbin ya gan ka, sai ka ga kai a wajenka ka riga ka shige bayan bango amma a maimaicin kana fili tsaye, ko ka ga saitinsa bai ma hau kanka ba amma ka faɗi. Rabin zargin satar wasa daga nan yake tasowa, duk da cewa kilkam ɗin dai tana taimakawa wajen kama masu magudin gaske, irin wanda saitinsa yake bin mutum ta cikin bango.

Inda ake hana ta

Matsalar ita ce duk abin da aka nuna wa mamaci bayani ne, kuma mamaci yana da baki. A Counter-Strike wanda ya mutu baya dawowa sai zagaye ya ƙare, to in aka bar shi yana yawo da kyamara sai ya dinga faɗa wa 'yan ƙungiyarsa inda abokan gaba suka ɓuya, don haka masu saba suke da damar tilasta masa kallon 'yan ɓangarensa kaɗai ko ma sikirin ya yi baƙi ƙirin. Valorant na 2020 bai saka kilkam ba, rahoto yake ba ka na harsashi nawa ka ci, a wane sashen jiki, kai kuma nawa ka zuba. A yanayin Hardcore na Call of Duty ma babu ita, abin da yake yi wa masu laɓewa daɗi tunda ba mai tona musu maɓoya. PUBG ya kawo tasa a ƙarshen 2017, amma in a ƙungiya kake sai dukkanku sun mutu kafin ka iya kalla.

Gem ɗin da ake zuba mutane da yawa a tsibiri ɗaya sun ƙara wani mataki tsakanin rai da mutuwa, wato nok: ka faɗi kana rarrafe, jini na tsiyaya a hankali, kana jiran ɗan'uwa ya zo ya ɗaga ka. In bai iso ba sai ka koma akwatin kaya, kamar a PUBG da Apex Legends, a Warzone na 2020 kuwa wani kurkuku mai suna Gulag ake kai ka ku fafata da wani, wanda ya ci ya dawo fili.

Dokokin ƙasashe ma suna taɓa wannan ɓangaren. Half-Life da aka sayar a Jamus an mayar da sojojin cikinsa mutum-mutumi, a Chaina kuma da kamfanin Tencent ya maye gurbin PUBG na waya da Game for Peace a 2019, wanda aka harbe baya zubar da jini, durƙusawa yake ya ajiye kayansa ya ɗaga hannu ya yi bai-bai.