Idan Wani Abu Ya Faru a Makaranta, Wa Zai Sanar da Iyaye?

A shekarar 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da kare su daga tashin hankali, haɗe da kundin mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowace makaranta za ta cika. Abin ya samo asali ne tun sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, da kuma yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015 da Najeriya ta amince da ita. Manufa ce, ba dokar da majalisa ta zartar ba, don haka ƙarfinta a nan Bauchi ya dogara ga yadda ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) suka tsaya a kai.

Ba 'yan bindiga kaɗai ta shafa ba. Gobarar ɗakin kwanan ɗalibai da hunturu, ambaliya irin wadda ke cin yankin Zaki da Gamawa da damina, ɓarkewar sanƙarau da bazara, cin zarafin yaro, duk suna ciki. Ana so kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, ta kafa kwamitin tsaro, ta tantance haɗurran da ke kewaye da ita, ta rubuta shirin ko-ta-kwana, ta riƙa yin atisaye. Rahoton UNICEF na 2024 ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai na makarantu a jihohi 10 ke da hanyar yin gargaɗi tun da wuri.

Inda shirin ya fi lalacewa shi ne wajen isar da labari, kuma a nan ya kamata kwamiti ya fi mai da hankali.

Da zarar an kaɗa ƙararrawa, kowane malamin aji ya fito da rajistarsa a hannu zuwa wurin taruwa, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ba a kira rajistar safe ba, babu mai iya bambance yaron da ya ɓace da wanda bai zo ba tun farko. A daidai lokacin wani malami da aka riga aka ware yana kiran lambar gaggawa ta 112, da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da Sibil Difens, da 'yan kwana-kwana, sannan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A rubuta lambobin nan a takarda, ɗaya a ofis, ɗaya a ɗakin maigadi. Wayar shugaba na iya mutuwa, shi kansa yana iya kasancewa a wajen taro.

Mutum ɗaya ne zai yi magana da sunan makaranta, da mataimakin da zai maye gurbinsa. Saƙon farko ya fita cikin rabin sa'a, ko da bayani bai gama haɗuwa ba: abin da ya faru, inda yara suke, abin da ake so iyaye su yi, da lokacin da za a sake magana. Misali: "Assalamu alaikum iyayenmu, wuta ta tashi a ɗakin ajiya da ƙarfe 10, an fitar da yara filin ƙwallo ana ƙirga su, za mu sake sanar da ku ƙarfe 11." Kada a ce kowa lafiya sai an gama ƙirga. Shugabanni da yawa kan yi shiru don gudun ɓata sunan makaranta, alhali shirun ne ke ba jita-jita fili, kafin a ankara iyaye sun cika bakin get sun tare hanyar motar kashe gobara.

Sunan yaron da ya ji rauni ko hotonsa ba ya shiga zauren WhatsApp. A kira mahaifinsa, ko a tura malami da shugaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) har gida. Masu tura hoton tsohuwar gobara su ce yanzu aka yi, su sani sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da aka gyara a 2024, ya hukunta yaɗa ƙaryar da za ta tada zaune tsaye.

Ba kowane uba ke da babbar waya ba, don haka mai unguwa da liman da gidan rediyo su kasance cikin shirin tun kafin ranar. Wajen sallama kuma, a miƙa yaro ga wanda sunansa ke takardar makaranta kaɗai, ya sa hannu, ko da layin zai kai la'asar.