Wat ba shi ne haske ba fa

Har yanzu in za a sa fitilu a ofis sai ka ji ana cewa a kawo ƙwai mai wat da yawa, wai ya fi haske. Ba haka ba ne. Wat wutar da ƙwan yake ci ne kawai, shi haske da lumen ake auna shi, yana nan rubuce jikin kwali amma wa ke dubawa? Tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60 lumen wajen 800 yake bayarwa, ƙwan zamani mara cin wuta da ake kira LED mai wat 9 ko 10 ma zai ba ka hakan. Kuma in hasken ya wuce kima sai ya dinga kashe ido a fuskar kwamfuta, ma'aikata su wuni suna ƙanƙance ido.