Wai me ake nufi da "red bottom"?

Kalmar nan tana yawo sosai a Instagram da TikTok, musamman wajen masu sayar da kayan lefe, sai kaji ance ai takalmin amarya red bottom ne. Ma'anarta kawai takalmi mai jan ƙasa, wato in mace ta ɗaga ƙafa sai kaga tafin takalmin jajawur yana ƙyalli. Amma fa ba kowane mai jan ƙasa ba, sunan na takalman mutum ɗaya ne, Christian Louboutin, ɗan ƙasar Faransa.

A Faris ya tashi, boko bai wani dame shi ba, zanen takalma kawai yake a littattafansa. Abin da ya fara jan hankalinsa wata alama ce a gidan tarihi, an zana takalmi mai tsini an ja masa layi, wai kar mata su shigo da shi su lalata daɓen katako. Yayi aiki da kamfanin takalma na Charles Jourdan, ya kuma zauna ƙarƙashin shahararren mai zanen takalma Roger Vivier, har ya taɓa barin sana'ar ya koma tsara lambuna, sai 1991 ya buɗe shagonsa, Gimbiya Caroline ta Monako na cikin kwastomominsa na farko.

Shi jan kuwa daga jan farce ya samo asali wallahi. An kawo masa samfurin wani takalmi ya duba yaga kamar ba rai a jikinsa saboda baƙin ƙasan, ga mataimakiyarsa a gefe tana shafa jan farce, kawai ya karɓi kwalbar ya shafe ƙasan takalmin da shi. Wannan wajen ne yake burgeni, mai sana'a da idonsa ya ƙi yarda da "ai ya isa haka".

Kuma ya sha shari'a akan kalar. A 2012 kotu a Amurka tace jan ƙasa tambarinsa ne in dai saman takalmin wata kala ce daban, a rigimarsa da kamfanin kayan ƙawa na Yves Saint Laurent kenan, a 2018 ma kotun Tarayyar Turai ta goya masa baya.

Jabu kam sun cika kasuwa. Na asalin a Italiya ake ɗinka yawancinsu, guda ɗaya ɗaruruwan daloli, kuma ƙasan fata ce aka yiwa fenti, shiyasa kina taka kwalta sau biyu uku jan zai fara gogewa, har wasu kan kai wa shumeka ya manna musu jar roba tun kafin su fara sawa.