Waiwaye: ranar da kasuwa ta tashi daga tsakiyar Faris

Har yanzu musun bai mutu ba a Faris, wai abincin da ake kawo maka a gidan abinci nan aka dafa shi ko kuwa a leda ya zo daga masana'anta aka ɗumama kawai. Tun 2014 akwai doka kan tambarin da suke kira fait maison, wato girkin gida, ƴar tukunya ce da rufin ɗaki a samanta ake sawa kusa da sunan abincin, amma ba ta kashe maganar ba, wasu na cewa ai kamata ya yi mai ɗumame shi za a tilasta ya faɗa, masu ƙananan gidaje kuma na kukan haya da albashi da kuɗin wuta. Abin na damuna sosai, don mutane na magana kamar jiya aka wayi gari da shi.

Farkon labarin sananne ne. Wajen 1782 wani kuku Beauvilliers ya buɗe gidan abinci na ƙasaita, bayan juyin juya halin Faransa na 1789 irinsu suka yawaita, a 1855 wani mahauci Duval ya fara sayar wa leburori romo da nama da araha, littafin jagorar matafiya na Michelin ya fara raba wa gidajen abinci taurarin yabo a 1926. Wannan kowa na faɗa.

Wanda ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1969. Kusan shekara 800 babbar kasuwar abinci ta Les Halles tana tsakiyar gari, har ana mata kirari da tumbin Faris, daga tsakiyar ƙarni na 19 kuma ƙarƙashin manyan rumfunan ƙarfe da gilashi da mai zanen gini Baltard ya zana. Cikin dare kaya ke sauka, kifi daga bakin teku, kayan lambu daga gonakin kewaye, ƴan dako da faffaɗar malafa suna saɓa rabin sa a kafaɗa. To ka ɗauki mai ƙaramin gidan abinci a lokacin, da asuba zai tako da ƙafa ko ya turo ƴar kurarsa, ya ɗaga kunnen kifi ya ga ja ne ko ya fara duhu, ya latsa tumatir, ya yi ciniki da dillalin da ya san shi shekara da shekaru, ya sha romon albasa mai zafi a gefen kasuwa, abin da ya samu da sauƙi ranar shi zai rubuta da alli a allon ƙofa. Kasuwa ce ke yanke abin da za a dafa, ba takarda ba.

Gaskiya wurin ya cushe, motoci sun toshe hanya, ga ɓeraye ga shara, tashin yana da dalili. Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 1969 aka kwashe kasuwar cikin ƴan kwanaki zuwa Rungis, kamar kilomita 7 kudu da gari, ƴan nama suka bi a 1973, aka rushe rumfunan, ɗaya aka kwance aka sake kafawa a Nogent-sur-Marne. Rungis ta fi tsafta ta fi girma nesa ba kusa ba, kaya masu kyau na nan jibge har gobe. Amma cefane ya zama tafiya, sai da mota da katin shiga da tashin tsakar dare, wanda ya rufe kicin ƙarfe 12 ina zai iya kullum? Sai ya koma oda ta waya a kawo masa har ƙofa, kuma wanda ya saba a kawo masa ɗanyen dankali ba wuya ya karɓi ferarre, daga nan yankakke, daga nan soyayye daskararre. A shekarun 1970 ɗin nan kuma dabarar dafa abinci a cikin leda da aka zuƙe wa iska ta fito, firiza ta yi araha, duk suka tarar da ƙofa a buɗe.

Har yau akwai kukun da ke tashi ƙarfe 3 ya nufi Rungis da kansa, ana gane su, jerin abincinsu gajere ne kuma yana canjawa da yanayi. Inda rumfunan suke kuwa yanzu kantuna ne da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Châtelet-Les Halles.