北: yadda Japanawa ke rubuta "arewa"

Mai koyon Japananci ba ya nisa kafin ya ci karo da haruffa huɗu na rubutun da ake kira kanji: 東 gabas, 西 yamma, 南 kudu, 北 arewa. Idan za su ambace su gaba ɗaya sai su ce "tozai nanboku", wato gabas da yamma, kudu da arewa, jerin da bakin Bahaushe ya riga ya saba da shi. Na ɗauki na arewa ne saboda ya fi sauran sauƙin zanawa, kuma labarinsa ya fi daɗin ji.

Shi kanji harafi ne kamar A da B?

A'a. Harafin boko sauti kawai yake ɗauke da shi, shi kuwa kanji ma'ana ce a cikinsa. Daga Sin Japanawa suka aro shi. Jerin da gwamnatinsu ta fitar a 2010 na haruffan amfanin yau da kullum yana da guda 2,136, kuma yaro yana koyon 1,026 daga ciki kafin ya gama firamare. Haruffan kusurwoyin nan huɗu a aji biyu ake koyar da su.

To me ya haɗa wannan zane da arewa?

Dube shi da kyau: 北. Mutum biyu ne suka juya wa juna baya, kamar kishiyoyin da suka yi faɗa da safe. A tsohon rubutun Sin ma'anarsa ke nan, baya ko juya baya. A can, gida kudu yake fuskanta domin ya sami hasken rana da ɗumi, sarki ma idan ya zauna a fada kudu yake kallo. Wanda ya fuskanci kudu kuwa, arewa ce a bayansa. Da haka harafin ya koma sunan arewa, har sai da aka ƙara masa alamar jiki a ƙasa, ya zama 背, domin a sami abin rubuta gadon baya.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Kalmar shan kaye a Japananci ita ce 敗北, "haiboku". Ɗalibi yakan tsaya yana mamakin abin da ya kawo arewa cikin zancen faɗuwa a yaƙi ko a wasan ƙwallo. Ba arewa ba ce, baya ce: wanda aka ci da yaƙi shi ne ya ba da baya ya ranta a na kare.

Yaya ake karanta shi?

Karatu biyu ne manya, "kita" da "hoku". Na farko kalmar Japanawa ce ta gado, na biyu kuwa lafazin Sin ne da ya zo tare da harafin. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, shi da ke ƙirga goma da bakin kakanninsa, sannan ya ce ashirin da talatin da aron Larabci. Idan harafin yana shi kaɗai, "kita" ne, haka ma a 北風 "kitakaze", iskar arewa. Idan ya haɗu da wasu haruffa a kalmar da ke bin lafazin Sin, sai ya zama "hoku", kamar 東北, Tohoku, yankin arewa maso gabas da girgizar ƙasa da igiyar teku suka afka wa ran 11 ga Maris, 2011.

A sunan 北海道 kuwa, "hoku" da "kai" sun manne sun zama Hokkaido. Tsibirin ya sami wannan suna a 1869, kafin nan Ezo ake ce masa. Shawarata, kada ka wahalar da kanka da haddar karatu tsura. Riƙe kalmomi uku ko huɗu, karatun zai biyo su.

Ta ina ake fara zana shi?

Zane biyar ne. Fara da hagu: ɗan gajeren layi a kwance, sai dogo a tsaye, sai wani daga ƙasa da ke ɗagawa sama. Koma dama: ɗan karkatacce, sannan mai lanƙwasa da ƙugiya a ƙarshe. A kula da 比, wanda ke nufin kwatantawa. Shi ma mutum biyu ne, amma waje ɗaya suke kallo.

A ina zai yi mini amfani?

A tashar jirgin ƙasa tun farko. Manyan tashoshin Japan ƙofofinsu da yawa, kuma da kusurwa ake yi musu suna. Idan abokinka ya ce ku haɗu a 北口, "kitaguchi", ƙofar arewa yake nufi, harafi na biyun nan mai kama da akwati baki ne. Ka fita ta 南口, sai ku wuni kuna neman juna. Za ka gan shi a sunayen dangi irin su Kitamura da Kitagawa, da kuma sunan babban birnin Sin, 北京, "fadar arewa", wanda Japanawa ke kira Pekin.

Da gaske ne ba sa kwanciya kansu na arewa?

Akwai wannan camfi, sunansa 北枕, "kitamakura", matashin kai na arewa. A ruwayar mabiya addinin Buda, shi Buda ya rasu ne kwance a kan ɓarin dama, kai arewa, fuska yamma, shi ya sa ake shimfiɗa gawa haka. Mu a nan gawa kai kudu ake kwantar da ita, fuska gabas. Matasa da yawa ba su damu ba, amma idan ka sauka gidan dattawa ka ga an gyara maka shimfiɗa, bar matashin kai inda ka same shi.