Nnedi Okorafor: Tambayoyi da amsoshi kan marubuciyar almara 'yar Amurka mai jinin Najeriya

Wace ce ita, kuma daga ina ta fito?

An haifi Nnedi Okorafor ranar 8 ga Afrilu, 1974, a birnin Cincinnati na jihar Ohio a Amurka. Iyayenta Ibo ne da suka je ƙasar karatu a ƙarshen shekarun 1960, yaƙin basasar Najeriya ya sa suka yi zamansu can. Ta tashi a wajen birnin Chicago, a unguwar da baƙar fata ba su da yawa, inda ta sha gori saboda launin fatarta. Amma iyayen ba su yanke zumunci ba. Tun tana ƙarama suke kai 'ya'yansu ganin dangi a ƙasar Ibo, kuma mafi yawan abin da ta rubuta daga baya daga waɗannan tafiye-tafiyen ya samo tushe. Ta yi digirin digirgir a fannin Turanci a Jami'ar Illinois da ke Chicago, ta koyar a jami'o'i a Chicago da Buffalo, sannan ta koma jihar Arizona.

Da gaske ne rashin lafiya ce ta sa ta fara rubutu?

Gaskiya ne. Da farko ba ta da niyyar zama marubuciya ko kaɗan. 'Yar wasa ce, gwanar tanis da guje-guje, kuma burinta ta karanci ilimin ƙwari. Sai dai tun tana 'yar shekara 13 aka gano ƙashin bayanta na karkacewa, abin yana ƙaruwa tana girma. Tana da shekara 19, lokacin tana jami'a, aka yi mata tiyata don a miƙe shi. Da ta farka sai ta ga daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Yarinyar da ta saba tsere a fili ga ta kwance, ko yatsan ƙafa ba ta iya ɗagawa. Akwai littafin marubucin almarar kimiyya Isaac Asimov mai suna *I, Robot* da aka kawo mata asibiti, sai ta riƙa rubuta 'yan gajerun labarai a gefen shafukansa, wurin da babu rubutu. Ɗaya daga cikinsu a kan wata mace ce mai tashi sama, wadda ba ta da buƙatar ƙafa. Bayan doguwar jinya da atisaye ta sake takawa, da sanda tukuna, amma wasa kam ya ƙare. Da ta koma makaranta sai ta shiga ajin koyon rubutun labari. Ta ba da wannan tarihi da kanta a ƙaramin littafinta *Broken Places & Outer Spaces* na 2019. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa taurarin labaranta kusan duk 'yan mata ne masu wani abu a jiki da jama'a ke yi wa kallon naƙasa ko abin tsoro.

Me ya bambanta almararta da wadda aka saba gani daga Amurka?

Yawancin littattafan almara na can sarakunan Turai ne na da, da takubba da dodanni masu fiffike. Ita kuwa ta ɗauko abin da mutanen gida suka yarda da shi har gobe: dodon gargajiya na Ibo, aljanun ruwa, asiri, da tsohon rubutun nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya. A *Akata Witch* (2011), Sunny zabiya ce da aka haifa a Amurka aka dawo da ita garin Aba, ta gano tana da baiwar tsafi. A *Lagoon* (2014), halittu daga sararin samaniya a tekun Legas suka sauka, ba a New York ba kamar yadda finafinai suka saba. *Binti* (2015) kuma labarin yarinya ce daga ƙabilar Himba ta Namibiya da ta gudu daga gida don shiga wata jami'a a wata duniyar, tana shafe da jar ƙasar garinsu. Wannan ɗan siririn littafin ya ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan almarar kimiyya, a 2016.

A ganina ƙarfinta a nan yake: ba ta tsayawa neman afuwa ko dogon bayani ga mai karatu Bature. Wayar salula da boka suna zaune a shafi ɗaya, kamar dai yadda suke a rayuwarmu.

Wane littafi ne ya fito da sunanta duniya?

Na farkonta, *Zahrah the Windseeker* (2005), ya ci kyautar adabi ta Wole Soyinka a 2008. Amma wanda ya ɗaga ta shi ne *Who Fears Death* (2010). Labarin yana faruwa a Sudan ta nan gaba, bayan duniya ta lalace. Tauraruwar, Onyesonwu, an samu cikinta ne ta hanyar fyaɗe a lokacin yaƙin ƙabilanci, don haka kowane ɓangare ya tsane ta. Okorafor ta ce wani rahoton jaridar Washington Post na 2004 kan yadda ake amfani da fyaɗe a matsayin makami a Darfur na cikin abin da ya tunzura ta, tare da rasuwar mahaifinta a shekarar. Littafi ne mai nauyi, har da batun kaciyar mata a ciki, ba na yara ba ne.

A 2011 ya ci kyautar World Fantasy. Sai ga wata ƙura: gunkin da ake bai wa wanda ya yi nasara siffar kan H. P. Lovecraft ne, marubucin da ya yi wa baƙar fata mummunan zagi a wata waƙa tasa. Ta fito fili ta rubuta yadda take ji da ajiye irin wannan mutum a ɗakinta. Wasu marubutan suka ɗauki maganar, a 2015 aka sanar da daina amfani da gunkin.

Ta taɓa rubutu a kan yankinmu?

Sau biyu a fili. *The Shadow Speaker* (2007) a Jamhuriyar Nijar yake faruwa, a shekarar 2070, inda wata yarinya mai suna Ejii ta ratsa hamada. *Noor* (2021) ya fi matsowa kusa. Wata mata da aka yi wa dashen gaɓoɓin ƙarfe ta gudu daga Abuja bayan wani rikici a kasuwa, ta nausa Arewa, ta haɗu da wani makiyayi Bafulatani da shi ma ake farauta bisa zargin ta'addanci. Bahaushe ko Bafulatani zai ji cewa idon baƙo ne ke kallon wurin, don hamada da guguwa sun fi mutanen gari fitowa. Duk da haka, a lokacin da kafafen labarai da yawa ke yi wa makiyaya kuɗin goro, ta ba wa nata makiyayin suna da hankali da ƙaunar shanunsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Ban da littattafan labari, tana wani aikin?

Tana rubuta labaran zane. Ta rubuta wa kamfanin Marvel labarin jarumi Black Panther da na ƙanwarsa Shuri, nata na kanta kuma mai suna *LaGuardia* ya ci Hugo a 2020. A 2025 kuma ta fitar da wani littafin labari, *Death of the Author*, kan wata marubuciya mai lalurar ƙafa 'yar gidan 'yan Najeriya a Chicago.

Da wanne ya kamata mutum ya fara?

Mai ƙarancin lokaci ya ɗauki *Binti*, ana iya gama shi a zama ɗaya. Matasa 'yan sakandare *Akata Witch* zai fi yi musu daɗi, kuma kamfanin Cassava Republic ya buga shi a Najeriya da sunan *What Sunny Saw in the Flames*, don haka a nemi wannan sunan a shagunan littattafai na gida. *Who Fears Death* a bar shi sai an saba da hannunta.